Goro Bakwai da Tsimin Kawu Tanko

Ba zan taɓa mantawa ba, wata safiyar Laraba ce na shiga asibitin mishan da ƙafafuna, lafiyata garau, amma kafin hantsi ya ɗaga sai ga ƙarti biyu sun ɗauke ni ranga-ranga zuwa gadon marasa lafiya. Kuma ba wani ciwo ne ya kayar da ni ba. Ni na yi wa kaina, da taimakon kawuna.

Shekara huɗu ke nan da samun mulkin kai. Na gama aji bakwai, ina zaune a ƙauyenmu da ke kudu da Malumfashi ina taya mahaifina noman dawa da auduga, sai labari ya zo cewa kamfanin da ke gurzar auduga a Funtuwa zai ɗauki malaman sikeli, wato masu auna wa manoma audugarsu a kasuwannin kaka. Mu tara muka zauna jarrabawar lissafi, aka zaɓi uku, ina ciki. Abu ɗaya ya rage: takardar likita mai nuna cewa lafiyarmu ƙalau, kuma a kai ta Funtuwa ranar Alhamis. Wanda bai kai ba, a ba na bayansa.

Sai wanda ya tashi a ƙasar auduga zai gane abin da aikin nan yake a wurina. Tun ina ƙarami, in muka kai kaya kasuwa, ni ba kuɗin nake kallo ba, sikelin nake kallo. Yaya aka yi ƙarfe ya san nauyin abu? Me ke cikinsa? Na taɓa shan mari saboda na tsugunna ina leƙen ƙarƙashinsa. Ga shi kuma malamin sikeli da fensir a kunne, dattawa sa'o'in mahaifinsa suna ce masa Malam. Mahaifina kuwa bai jira takardar likita ba, ya riga ya faɗa a ƙofar masallaci cewa ɗansa ya samu aikin kamfani.

Matsalar ita ce jikina. Allah ya yi ni siriri, har a makaranta Sillen Kara ake ce mini. Kuma a bara an mayar da wani ɗan garinmu daga awon likita, wai an ja fatar idonsa an leƙa, an ce ba shi da jini. Tun daga nan garinmu ya yanke hukunci cewa likitan Turawa jini yake nema, mai yawa, mai ƙarfi. Duk wanda ya dube ni sai ya kaɗa kai.

A nan Kawu Tanko ya shigo maganar. Ƙanen mahaifiyata ne, tsohon soja da ya je yaƙin Bama, ya dawo ya kafa faifan goro a kasuwar Malumfashi. A danginmu duk abin da ya shafi Bature shi ake tambaya, shi kuma bai taɓa cewa bai sani ba. Na same shi yana yayyafa wa goronsa ruwa, na faɗa masa damuwata.

“Yo wannan ce ta hana ka cin tuwo?” in ji shi. “Ni da aka auna sau uku a bariki? Wata na'ura gare su. Za su ɗaure maka dantse da ƙyalle, su hura masa iska, sai wani farin ruwa ya riƙa hawa a cikin kwalba mai lambobi. Inda ya tsaya, nan ƙarfin jininka ya tsaya.”

Na ce, “To Kawu, in ya hau da yawa fa?”

Ya dube ni kamar na zagi soja. “Kai ɗan nan, ka taɓa ganin manomin da ya yi kuka don audugarsa ta yi nauyi a sikeli?”

Wallahi a lokacin ban taɓa jin magana mai ma'ana kamar wannan ba. (Ku tuna, ni ne na zo na biyu a jarrabawar lissafi.) Abu mai lambobi ai sikeli ne, sikeli kuma sama ake so ya yi. Na koma gida hankalina kwance, Kawu kuma ya jiƙa mini tsimi na kwana uku.

Ranar Laraba da aka idar da sallar asuba na isa gidansa. Ya fito da tsimin a ƙwarya, baƙi ƙirin, da wasu saiwoyi da sassaƙe suna yawo a ciki, ga ƙanshin citta da kanumfari da masoro. Na tambaye shi sunayen itatuwan, ya ce mai maganin da ya ba shi bai faɗa ba, kuma ba a tambaya. Na shanye ina runtse ido. Sai ya kawo shayi da ya dafa a gwangwani har ganyen ya mutu, ya zuba masa cokali biyu na garin kofi da wani direban Ikko ya ba shi, yana ɓoyonsa kamar zinariya. Na shanye shi ma. Daga nan ya buɗe huhu ya zaɓo goro daushe guda bakwai, jajaye, manya.

“Biyu yanzu, sauran a hanya. Kada ka tofar da tuƙar, haɗiyewa za ka yi. Kuma ban da koko, abinci yana kashe magani.”

Ni kuwa a duk rayuwata ban taɓa cin goron da ya wuce ɓari guda ba, shi ma sai a wurin suna. Ya ba ni aron kekensa, ya ce in taka da ƙarfi don jini ya motsa.

Gaskiya zan faɗa, farkon abin da daɗi. Kafin in wuce gonakin bayan gari sai na ji duniya ta washe. Ina ganin kowane ganye daban, ina gaida duk wanda na gamu da shi har da waɗanda ban sani ba, ina lissafin sau nawa ƙafar keke za ta juya kafin mil guda. Na ce lallai Kawu ya san abin da yake yi. Da na ci goro na huɗu sai na fara jin zuciyata, abin da ban taɓa ji ba. A da na san dai tana nan, kamar yadda mutum ya san yana da hanta. Yanzu kuwa ga ta a maƙogwarona, ga ta a kunnuwana, har a yatsuna da ke riƙe da kan keke. A goro na shida hannuwana suka kama rawa, gumi yana tsatstsafo mini duk da sanyin safiya. Maimakon in tsorata, murna na yi. Na ce ƙarfin ne yake shigowa, jikin bai saba ba. Na bakwai ɗin ne kawai na kasa, na jefa shi a aljihu.

Na tarar da abokan nemana biyu, Iliya da Sule, zaune a benci a barandar asibiti, ga mata da yara da tsofaffi cike da wurin suna jiran magani. Mai awon kuwa Malam Bitrus ne, malamin asibiti, wanda gonar mahaifinsa ke iyaka da tamu. Kirista ne, mai raha, ya girme ni da kamar shekara goma, kuma tun ina yawo ba wando ya san ni. Teburinsa a nan bakin ƙofa yake, kowa yana gani.

Iliya aka fara kira. Na miƙa wuya don kada komai ya wuce ni. Ga na'urar kuwa kamar yadda Kawu ya faɗa: akwatin katako, doguwar kwalba, da farin ruwa mai ƙyalli kamar narkakkiyar dalma. Malam Bitrus ya matsa 'yar robar da ke hannunsa, ruwan ya hau zuwa wajen tsakiya, ya sauko. Ya ce, “Madalla.” Na dubi Iliya, ƙato da shi, kafaɗa kamar ta maƙeri, na ji tausayinsa ya kama ni. Duk wannan jiki, ashe iyakarsa tsakiya.

Da aka zo kaina, Malam Bitrus ya kama wuyan hannuna yana duban agogonsa. Sai na ga murmushinsa ya ɗauke. Ya saki, ya sake kamawa.

“Ƙanena, gudu ka yi?”

“A'a,” na ce ina ɗaga kai. “Haka nake.”

Ya ɗaura mini ƙyallen, ya sa abin sauraro a kunne, ya fara matsawa. Ni kuma a ɓoye na dunƙule hannu, na riƙe numfashi, na yi nishi a ciki, wai ina taya ruwan hawa. Ya kai inda na Iliya ya tsaya, Malam Bitrus ya saurara, ya ƙara matsawa. Ya wuce. Ya sake saurarawa, ya ƙara. Daɗi ya kashe ni. Ban san sanda na buɗe baki da ƙarfi ba, yadda duk barandar za ta ji:

“Na fi Iliya ko, Malam?”

Ya cire abin sauraro daga kunne. Tashi ya yi da sauri ya kira likita.

Likitar wata Baturiya ce, dattijiya, mai furfura, ta daɗe a ƙasarmu har Hausarta ta nuna. Ta sake awon da kanta, ta ɗora abin sauraro a ƙirjina ta daɗe. Ta tambaye ni ko kaina yana ciwo, ko ina ganin jiri, ko a danginmu akwai wanda ya taɓa faɗuwa haka kawai ya mutu da ƙuruciyarsa. Tambayoyin ba su yi mini kama da na wanda ya zo na ɗaya ba. Daga ƙarshe ta ture takardata gefe.

“Samari, ba zan sa hannu a nan ba. Zuciyarka tana gudu fiye da kima, har tana tuntuɓe, jininka kuma ya hau ƙwarai. Mai irin wannan ba a tura shi tsayuwar rana a kasuwa.”

Sai na ga kamar ba ta fahimta ba ne. Ta ce ya hau ƙwarai, kuma ta ce ba za ta sa hannu ba? Na tuna mahaifina a ƙofar masallaci. Na miƙe zumbur na ce, “Likita, wallahi ƙarfi ne! Bari ki gani.” Na ƙame kamar yadda Kawu ya koya mana muna yara, na fara tsallen sojoji, hannu sama, ƙafa a ware, ina ƙirgawa da baki. Na yi ɗaya, na yi biyu, na yi uku. A na huɗu baranda ta juya, cikina ya murɗa, na durƙusa a gaban takalman likita na amayar da duk abin da Kawu ya ɗura mini tun asuba.

To kun san launin tuƙar jan goro. Ku haɗa shi da baƙin shayi, ku shimfiɗa a kan farin siminti.

Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka. “La'ilaha illallahu! Jini yake amai! Yaron mutane ya tafi!” Mata suka ɗauki salati, yara suka fashe da kuka, Sule ya ruga waje (daga baya na ji har kasuwa ya kai labarin). Ma'aikata biyu suka sure ni, ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙafa. Ana cikin ɗaga ni sai goro na bakwai ya faɗo daga aljihuna, ya gangara a hankali, ya je ya tsaya daidai ƙafar Malam Bitrus. Ya ɗauka ya duba. Ya sunkuya ya dubi abin da ke ƙasa, ya tona da tsinke. Sannan ya ɗago.

“Likita, wannan ba jini ba ne. Goro ne.”

Salatin ya tsaya cak. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Sai dai ina, ina sama a hannun ƙarti, ko ƙasar ma ban taka ba. Tsohuwar nan da ta fi kowa kuka ita ta fara cewa, “Amma dai an yi ɗan banza,” daga nan dariya ta ɓarke.

A kan gado na faɗi gaskiya duka, har da maganar manomi da sikeli. Malam Bitrus ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Likita kuwa ba ta yi ba. Ta ce me da me ke cikin tsimin? Na ce ban sani ba. Ta ce wa ya sani? Na ce Kawu ma bai sani ba. Ta ce abin da ya fi damunta ke nan: goro da shayi da kofi ta san su, ta san kuma za su sake ni in an jima, amma saiwar da ba wanda ya san sunanta ba ta san abin da za ta yi wa zuciya ba, balle an haɗa ta da waɗancan a cikin da ba abinci. Ta ce in kwanta, in sha ruwa, in ci abinci. Da la'asar za ta sake aunawa. In ya sauka, ta sa hannu. In bai sauka ba, babu takarda, ko da kuwa gobe ce Alhamis.

Aka bar ni tsakanin wani mai karayar ƙafa da wani tsoho mai tari. Kunya tana cina, tsoro yana cina, amma abin mamaki, tambaya ta fi su duka cina. Da Malam Bitrus ya zo wucewa na riƙe masa riga.

“Malam, don Allah, in ba ƙarfi na'urar take aunawa ba, me take aunawa?”

Ya zauna a bakin gadon. Ya ce da farko ba ni nake tura ruwan sama ba, shi ne da 'yar robarsa. Wurin saukowa yake saurare, ya ji inda bugun jini ya fara da inda ya ɓace. Abin da ake nema shi ne yadda jini ke matsa wa jijiya. “Ka zo da keke ko? In ka ba taya iska fiye da kima, ƙarfi ta ƙara ko fashewa take shirin yi?” Ya ce goro da shayi da kofi, duk da ba su yi kama ba, abu ɗaya ne a cikinsu mai korar barci, shi ne kuma yake zaburar da zuciya ya matse jijiyoyi. Wanda ya saba, kamar Kawu, ba ya ji sosai. Wanda bai saba ba kuwa, ga shi na gani. “Bulala ce kawai,” in ji shi. “In ka zabga wa jaki zai yi gudu, amma jakin dai shi ne na jiya.”

Ya koya mini inda zan ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ya ajiye mini agogonsa a kan matashi. Haka na wuni ina ƙirga zuciyata, in ban da zaryar bayan gida da shayin ya sa ni. Da hantsi ta haura ɗari a minti guda, nesa ba kusa ba. Da azahar ta fara ja da baya. Kuma ga wautar ɗan Adam: duk da bayanin da aka yi mini, duk sanda lambar ta ragu sai in ji wani ɓangare na raina yana cewa ƙarfina ne ke zubewa.

Ana cikin haka sai ga Kawu Tanko ya faɗo ɗakin, hula a karkace, ido jawur, an ce masa ɗan 'yar'uwarsa yana aman jini. Da ya ga ina zaune ina shan kunu sai ya sauke ajiyar zuciya, ya dafa kaina. Na ga ƙwalla a idonsa, ban taɓa gani ba sai ran nan. Sannan ya waiga hagu da dama, ya zaro kwalba daga cikin riga.

“Ungo, sauran ne. Kurɓi kafin a sake awon.”

Allah ya sa Malam Bitrus yana bayansa. Ya karɓe kwalbar ya ce, “Baba Tanko, wannan ai shi ya kusa kai shi lahira.”

“Kai Bitrus, yaushe aka haife ka? Mu a Bama da wannan muke kwana uku ba barci!”

“To Baba, shi ba Bama za shi ba. Funtuwa za shi.”

Da la'asar likita ta zo. Wannan karon na saki hannuna kamar tsumma, na yi numfashi yadda Allah ya halicce ni, ina addu'ar da ban taɓa zaton zan yi ba, wato Allah ya sa in kasa Iliya. Ruwan ya hau, ya sauko, ta saurara. Ta sake kama wuyan hannuna. Ta jawo takardar ta sa hannu, amma ba ta miƙo mini nan take ba.

“An ce aikin sikeli za ka yi. To ka auna da gaskiya. Kuma ka lura, za ka gamu da masu yi maka abin da ka so yi mini yau.”

Washegari na kai takarda Funtuwa, na samu aikin. Sunan Sillen Kara ya mutu, Malam Goro Bakwai ya maye gurbinsa, duk da shida na ci (na yi ta gyara wa mutane har na gaji). Maganar likita kuwa ba ta yi wata guda ba ta tabbata. A kasuwata ta farko wani dattijo ya ɗora ƙunshin audugarsa, na ga nauyin ya fi girman kayan. Na cusa hannu na zaro dutse kamar kan jariri. Dokar aiki ita ce in ɗaga shi sama kowa ya gani. Na dubi fuskar mutumin, sai na ga tawa a barandar asibiti. Na miƙa masa dutsensa ta ƙarƙashin tebur, na ce, “Baba, riƙe wannan, mu auna sauran.” Shekara ashirin da na yi a bakin sikeli ban taɓa karɓar algus ba, amma ban taɓa iya tozarta mai yin sa ba.

Abin da na koya dai shi ne, kafin ka taya abu hawa, tambayi inda za shi. Kuma in mutum bai taɓa ce maka “ban sani ba”, to kada ka sha abin da ya jiƙa.

Kawu har ya koma ga Allah yana faɗa wa masu sayen goronsa cewa tsiminsa ne ya samo mini aiki. Ni kuwa yanzu tsufa ya zo, likita ya hana ni goro, ya rage mini shayi da gishiri, ga ƙwaya kullum safiya. Lambar nan da na nema da goro da tsallen sojoji ta zo da kanta, ba wanda ya gayyace ta, kuma ta ƙi tafiya. A watan jiya da aka ɗaure mini dantse, na ga yarinyar da ke awon ta ɓata fuska, sai dariya ta kama ni. Ta ce Baba lafiya? Na ce lafiya lau, 'yata, wani kawuna na tuna. Da yana raye da ya ce sai yanzu tsimin ya kama.